Birkin Motar Kawu Mai Gado a Ciki

Shekarar da soja suka koma bariki ina da gareji a bakin titin jirgi a Agege. A lokacin ne kawuna, tsohon mahauci a unguwar, ya sayo wata mota wajen wani Bature da zai bar ƙasar. Ban taɓa sa hannu a irinta ba. Gado ne a ciki, da murhu, da ɗan wurin wanke hannu. Damina uku ta yi a ajiye kusa da ruwa a Iddo, amma Kawu ya ce da ita zai kai iyalinsa gida Babbar Sallah, kowa ya miƙe ƙafa.

Ranar da ya kawo ta, tun daga nesa na ji ƙauri. Tayar gaba ta dama tana hayaƙi, motar tana fizgewa gefe kamar saniyar da ta ƙi mayanka. Na ce masa birki ne ya kame. Ya ce a'a, wani direban danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ya tabbatar masa inji ne. Na ɗaga motar da jak, na ce ya juya tayar da hannunsa. Ya yi ta nishi, ko motsi ba ta yi ba. Duk da haka sai da ya ce in leƙa injin.

Na kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse farantin birki. Fistan ɗin ciki ya ci tsatsa, robar da ke kewaye da shi ta kumbura ta yi laushi. Kwana biyu ina yawo a shagunan kayan mota na Mushin da robar a leda. Masu shaguna suna juya ta suna dariya, wani ya ce, oga, wannan ai ta girme ni. Da ƙyar na samu robar wata tsohuwar motar kaya da ta yi daidai.

Na jiƙa fistan a kananzir, na goge shi har ya yi sheƙi. Kawu kuwa ya kafa kujera a kaina, kowane abokinsa ya zo wucewa sai ya kira shi ya ba ni shawara. Wani ya ce in buga da guduma. Wani ya ce hannun maƙiya ne.

Kumburin robar nan ne ya tsaya min a rai. Na buɗe tulun man birki, na tsoma yatsa, na ji santsin da ba nasa ba.

"Kawu, wa ya ƙara mai a nan?"

"Ni ne. Na ga ya yi ƙasa, na zuba masa na inji. Mai ai mai ne, ɗana."

Na ajiye sifana, na fita bakin titi na tsaya har jirgi ya wuce, don kada in faɗa wa ɗan'uwan mahaifiyata abin da zan yi nadama. Tunda man inji ne ke kumbura robar birki, dole na kwance ƙafa huɗun, na wanke duk bututun, na sake komawa Mushin neman roba.

An yi Sallah motar tana kan duwatsu. Iyalin suka bi motar haya daga Iddo, Kawu ya zauna yana gaya wa mutane aikina ba ya sauri. Sai bayan mako biyu muka gwada ta, ya taka birki ta tsaya cak. Ya gyaɗa kai, ya ce har yanzu yana jin wani sauti a injin.