Rigar Fata a Kan Murfin Giya

Cikin duk baburan da suka ratsa hannuna, ba na mantawa da na Baba Sanda. Ina ba ku labarinsa ne, ku da kuka shigo sana'ar nan bayanmu, don ku san irin mutanen da muka yi wa aiki.

A shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori ina da rumfar kanikanci a bakin titin Talata Mafara. Gari ya cika da baƙi, sababbin babura kamar a bakin kasuwa, ni kuwa kaina ya kumbura, ba na son taɓa tsohon ƙarfe. Allah ya yafe mini.

Baba Sanda mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maradun, daga cikin waɗanda aka tayar saboda ruwa zai ci garinsu, ya dawo Bakura wajen 'yarsa. A da dillalin dawaki ne. Da ƙarfi ya ja baya sai ya sayi wani tsohon babur ɗan Ingila, kuma yadda ya riƙe doki haka ya riƙe shi: shimfiɗar fata a sirdi, tuntaye a hannuwa, har shafa tankin yake idan ya sauka.

Irin waɗannan babura akwatin giyarsu daban yake da inji, da mansa na kansa. Idan man ya tsiyaye, haƙoran giya su ci juna, tafiya ta ƙare. To nasa zuba yake, amma sai ya yi tafiya ya ɗau zafi.

Ran da ya kawo min shi, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, ruwa ya kusa kai wa ga maƙabartarmu. So nike in tai in yi ma iyayena addu'a tun ana ganin wurin. Mota ba ta shiga, ƙahwata kuwa ba ta kai ni."

Na kwance murfin gefe, na yanka sabon gasket, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo ta bakin murfi, da kwali mai kauri, na shafa gam, na ɗaure. Ya tafi, bai wuce Ruwan Gizo ba ya dawo, mai har ƙafar wandonsa. Na canza sil ɗin bakin sanda, wato robar da ke tare mai. Kashegari ga shi kuma, yana turo babur, gumi ya jiƙa masa riga.

Nan na yi abin da bai dace ba. Na ce masa gaban mutane, "Baba, wannan ya gama zamaninsa. Ka kai wa maƙera su yi fartanya."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ni ma na gama nawa, ga ni kuwa ina yawo. Sake duba min shi."

Kunya ta sa na durƙusa. Akwatin na da zafi, na kama murfin da ake zuba mai ta sama na murɗa. Sai na ji fuuu, iska ta fito kamar an kwance bakin salka. Na juya murfin a hannuna. An ɗinke shi cikin jar fata mai zane, aiki mai kyau, har na taɓa yaba shi. A ƙarƙashin fatar akwai ɗan rami kamar na allura, inda akwatin ke shaƙar iska. Fata da danƙo sun toshe shi. Idan mai ya yi zafi iska ta rasa mafita, dole ta turo shi ta kowace kafa.

Na ce, "Baba, yaushe aka yi wa murfin nan riga?"

"Da muka taso. Baduku maƙwabcina ya yi min ita ta ban kwana, shi ya nuhi garin Kaya. Mi ta yi?"

"Ita ta shaƙe shi. Cire ta za mu yi."

Ya riƙe hannuna. "A'a. Ko linzami ana bar ma doki hanci. Huda ta dai."

Na aro basilla wajen mai gyaran takalma, na huda fatar daidai ramin, na share danƙon, na cika mai. Aikin bai kai shan kofin shayi ba.

Sai ranar kasuwa ya dawo, taya duk laka. Kafin mu gaisa na leƙa ƙarƙashin akwatin: a bushe. Ya ce, "Na same su, ɗana. Ruwa na bakin tsamiyar maƙabarta, amma na zauna na yi musu addu'a, har da kai na sa ciki." Da damina ta kama, ko kan tsamiyar ba a gani.

Tun daga ranar, kafin in ɗauki sifana nakan tambayi mai babur abin da ya sauya, in kuma saurare shi har ya gama. Mutanenmu ba sa barin abin da suke ƙauna tsirara, sai sun yi masa ado, kuma wani lokaci ciwon na cikin adon. Baba Sanda ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Basillar dai na saye ta, tana nan cikin akwatin kayan aikina.