Narelle Pavlich da Robobin da Rana Ta Dafa

Narelle Pavlich ta rasu ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, a filin ajiye kaya na tashar jiragen ruwa ta Dampier. Ta yanke jiki ta faɗi a bakin wata kwantena, likita ya ce zuciya ce. Shekarunta hamsin da biyu. Da safen ranar muka yi waya, tana dariya. Har yanzu zancen bai zauna mini ba.

Narelle, ke ce injiniyar da kamfanin haƙar mai ya ɗora wa binciken abin da ya dami kowa: robobin da ke toshe bakin rijiyar mai a ƙarƙashin teku sun koma tsagewa tun lokacinsu bai yi ba, bana fiye da bara. In suka saki, iskar gas ce za ta taso wa mutanen da ke kan dandamalin haƙa.

A can, in roba ta lalace, canza ta ake yi, a jefa tsohuwar a bola, aiki ya ci gaba. Ke kika ƙi. Kika riƙa bin bola kina tsinto su. Kev Dunstall, shugaban masu haƙa, yana hango ki sai ya ce, "Ga 'yar gwangwan nan, kowa ya ɓoye takalminsa."

"Naka ko da kyauta ba na so, tsoho," in ji ki. "Miƙo robar."

Da aka so ɗora laifin kan masu ɗaura robobin, kin ƙi ambaton sunan kowa. Kika ce ba hannun mutum ba ne, rana ce. Sababbin robobi kan yi watanni a kwantenar ƙarfe cikin zafin yankin Pilbara, inda Dampier take, su dahu kafin su ga teku. Kwantenar da kika faɗi a bakinta, daga cikinta aka ɗebi waɗanda za a ɗaura a rijiyar su Kev ranar Asabar. Kin nemi a dakata.

Allah ya jiƙanki, ya yi miki rahama. Ga mijinki Anton da 'yarki Ivka, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Robar da kika aika ɗakin gwaji a Perth tana can, sakamako bai fito ba. Kev ya koma teku jiya. Kamfanin bai tabbatar ko za a ɗage aikin Asabar ba.