Yatsun Inna

Shekara biyu da dawowar mulkin farar hula yatsun Inna, mahaifiyata, suka fara ƙi mata. Lokacin na gama makarantar horon malamai, ina zaune gida a Yalwa ina jiran takardar ɗaukar aiki. Da safe sai ta tashi hannuwanta a sandare, gaɓoɓin sun kumbura, ko muciya ba ta iya riƙewa sai rana ta ɗaga.

Inna Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Kibiya, Baba kuwa manomi ne, Bahaushe. Goggo, yayar Baba, da ke zaune bayan katangarmu, tun a makon farko ta yanke hukunci.

"Ciwonku ne na Fulani," in ji ta. "Nono da raɓa. Mu a danginmu ba mu san shi ba."

Inna ta yi murmushi kawai. Shekara ashirin da biyar suna wannan tsokanar, ba wadda ta taɓa gajiya.

Da jiƙe-jiƙe suka gaza, ni da Baba muka kai ta asibiti a Kano. Likitar mace ce mai haƙuri. Bayan gwajin jini ta ce ba sanyi ba ne. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙi da cuta, ta juyo kan gaɓoɓin mai ita. Ta ce akwai gado a ciki, kuma wasu al'ummomi sun fi wasu ɗaukarsa, sai dai mu nan ba a bincike mu sosai ba, don haka ba za ta ɗora wa wata ƙabila ba.

"Hajiya, akwai wanda ya taɓa yin irinsa a gidanku?"

Inna ta ce ba ta sani ba, tana goye iyayenta suka rasu.

Tambayar ta tsaya wa Baba a rai. Ranar wata Asabar ya ari babur, ya ɗauke ni muka tafi wurin Kawu, babban wan Inna. Muka same shi gindin tsamiya yana tufkar igiya. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ajiye igiyar, ya lanƙwasa yatsunsa gefe guda.

"Haka na kakarmu suke, wadda ta haifi uwarmu. Da ludayi take cin tuwo. Ni nake ɗaura mata ɗankwali."

"To ashe dai na Fulanin ne," in ji Baba.

"Wane Fulani? Bahaushiya ce, 'yar Rurum Tsohon Gari. Kakanmu ya gan ta a kasuwa tana sayar da daddawa. Har ta koma ga Allah ba ta iya Fillanci ba."

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. A hanyar dawowa sau biyu yana tsayar da babur don ya ƙarasa dariyarsa.

Goggo tana tsakar gidanmu tana tsince wake lokacin da ya ba da labari. Ta kalli Inna, ta ce, "To, ai shi ya sa tuwonki yake da daɗi. Dama na san ba a ruga kika koyo ba."

Washegari da sassafe sai ga ta da man kaɗanya a gwangwani. Ta zauna kan tabarma, ta ɗora hannun Inna a cinyarta, tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana faɗan cewa an bar ruwan wanka ya huce.

Maganin asibiti ya rage kumburin, amma bai mayar da yatsun yadda suke ba, biyu sun karkace har abada. Baba ya sassaƙa wa Inna muciya mai kaurin mariƙi, ya naɗe ta da tsumma. Da aka tura ni koyarwa Zurgu, Goggo ta karɓi tuƙin tuwon dare ba tare da kowa ya roƙe ta ba, Inna kuma tana kan kujera tana kaɗa miya, tana gaya mata gishirin ya isa.