Ragon Suna da Lagireton Alhaji Raufu

Kwaciri, ƙarfe huɗu da kwata na asuba

Ranar Asabar muka bar ƙofar gidanmu a Kwaciri, ana kiran assalatu. Mu uku ne a cikin tsohuwar wagon: ni, da Alhaji Raufu mai motar, da rago a baya yana hura mini numfashi a ƙeya. Zariya muka nufa, inda mai ɗakina ta je goyon ciki gidan iyayenta ta haifa mana 'yar fari. Ranar ce suna, kuma surukina Malam Isiyaku ya sanar da jama'a cewa ƙarfe bakwai da rabi za a raɗa.

Bari in fara da laifina. Tun Laraba Malam ya bugo waya ya ce in aika da ragon ya kwana biyu ya huta. Na ce to. Ni kuwa tela ne a Fagge, kowa ya san "to" ɗin tela. Ɗinki ya riƙe ni, ban sayi ragon ba sai Juma'a da la'asar. Malam tsohon hedimasta ne, kuma tun ranar da na je neman 'yarsa yake mini kallon ɗalibin da zai makara. A ce an taru raɗin sunan 'yata babu ragon ubanta a turke, wannan abin kunya ne da za a riƙa ba ta labari har ta girma.

Alhaji Raufu Bayerabe ne haifaffen Fagge, yana sayar da zare da maɓallai a kasuwar Sabon Gari, a wurinsa nake sayayya shekara da shekaru. Da ya ji zan shiga motar haya da rago sai ya ce, "Haba Nasiru, ina raye? Motata lafiyarta ƙalau, kafin bakwai muna Zariya."

Tashar jirgin ƙasa, huɗu da rabi

Mun bi ta Titin Ibrahim Taiwo, hanya fayau, babu kowa sai masu shayi suna hura wuta. Daidai tashar jirgin ƙasa na ga allurar zafin injin ta wuce tsakiya. Alhaji ya tsaya, ya ɗaga bonet, ya haska da fitilar waya. Ya ɗauko jarka ya ƙara ruwa a robar da ke gefen lagireto, ya rufe.

"Alhaji, lafiya dai?"

"Ƙishirwa ce kawai. Kai ma in ka tashi da safe ba ka shan ruwa?"

Na yi dariyar dole, na duba agogo. Minti goma sun tafi.

Kura, biyar da rabi

Kilomita talatin ɗin nan mun yi su ne idona na kan allura. Kafin mu shiga Kura ta taɓa ja. Muka tsaya gefen wani masallaci muka yi sallar Asuba, Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana waje. Da muka fito Alhaji ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, wani direban tirela ya daka masa tsawa: "Kai Alhaji, kana son fuskarka kuwa? Bar ta ta huce tukuna!"

Direban ya taya mu dubawa. Fanka tana juyawa, fambel ɗin da ke juya ta bai saki ba, tiyoyin ruwa ba su fashe ba. Ya leƙa ƙarƙashin mota bai ga ɗigo ba, ruwa kuma yana nan cike. Ya sosa kai ya ce abin da mamaki, amma mu kunna hita har ƙarshe, za ta riƙa janye zafin injin zuwa cikin mota, mu lallaɓa a hankali.

Haka muka yi. Gumi ya jiƙa mini sabuwar shaddar da na ɗinka don sunan, rago ya shiga haki yana dukan kujera. A wani shingen 'yan sanda, wanda ya leƙo ya ja da baya.

"Me kuke dafawa a ciki da sassafen nan?"

"Hita ce, yallaɓai. Suna za mu."

"Ku je, kafin ragon ya nuna a hanya."

Kwanar Ɗangora, bakwai saura minti goma

Nan motar ta ce ta gaji. Tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, Alhaji ya gangara gefen titi ya kashe ta. Ko rabin hanya ba mu yi ba. Na tare motocin haya uku, biyu a cike, wanda ke da wuri kuma ya ce shi ba ya haɗa fasinja da dabba. Ina kai ina komo a bakin titi, na rasa inda zan sa kaina.

Wani mai shayi ya nuna mana rumfar Ishaya mai gyaran lagireto, wani dattijo Kirista mutumin wajen Zariya, yana cikin buɗe akwatin kayan aikinsa. Ishaya ba ya gaggawa, ni kuwa kamar in ɗauke shi a ka. Ya jira injin ya huce. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya duba, ya ce, "Man bai koma kamar madara ba, gasket ɗin kan injin bai ƙone ba, ku gode Allah." Sannan ya shafa saman lagireto, ya shafa ƙasansa.

"Sama zafi, ƙasa sanyi. Ruwa ba ya zagayawa, wani abu ya toshe hanya."

Ya kwance tiyon ƙasa. Maimakon ruwa ya zubo, sai wani farin abu mai kauri ya zazzago a hankali. Ishaya ya lakato da yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Alhaji, wa ya tuƙa teba a motarka?"

Alhaji Raufu ya cire hula ya mayar. Ashe jiya ya ga lagireton yana ɗan yoyo, wani direba a Sabon Gari ya ce masa a zuba garin kwaki kaɗan, in ya kumbura zai toshe hujin. An ce masa cokali ɗaya. Shi kuwa mutum ne mai sakin hannu, ya ce tafiyar suna ce ba ta wasa ba, ya zuba garin har cikin gwangwanin madara biyu.

"Ai yoyon ya tsaya," in ji shi a hankali.

"Ya tsaya mana," in ji Ishaya. "Komai ma ya tsaya."

Ya ce sai ya sauke lagireton, ya zurara hanyoyin ruwan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya like hujin da dalma. Awa biyu, in an yi sa'a. Na dubi Alhaji, bakina cike da magana, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. Don ni ya yi, sai na haɗiye.

Bakwai da kwata na koma bayan rumfa na kira Malam. Na gaishe shi, na faɗa masa komai, har da garin. Ina jiyo hayaniyar mutane a ƙofar gidansa. Na shirya wa faɗa.

"Nasiru, ka san farin ragon da ke turke a tsakar gida?"

"Na san shi, Baba."

"Na ba ka shi kyauta. Ka karɓa?"

"Baba, ai wannan..."

"Tambayarka nake, liman yana jira. Ka karɓa?"

"Na karɓa, Baba."

"To, ragonka za a yanka. Kada ka kashe wayar."

A tsaye a bayan rumfar Ishaya, ga warin dalma, ga ƙarar tireloli, na ji an yi fatiha, na ji maroƙi ya ɗaga murya ya ce yarinya ta ci suna Hadizatu. Na tsuguna na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Zariya, sha ɗaya da rabi

Tara da rabi Ishaya ya gama. Ya cika lagireton da ruwa mai tsabta, ya bar injin yana aiki har ya tabbatar allura ta zauna a tsakiya, ya gargaɗi Alhaji cewa gari na ciki ne, ba na mota ba. Muka ci ƙosai a tsaye, muka wuce Tashar Yari da Hunkuyi ba tare da tsayawa ba.

Mun tarar an feɗe rago an banƙare shi a jikin wuta. 'Yan'uwa suka yi mini caa. "Angon ƙarni, wannan rago haka! Ashe tela ya iya zaɓe!" Kowane yabo sai na ji kamar an tsikare ni da allura. Malam yana kan tabarma, ya amsa gaisuwata kamar kullum, bai ƙara komai ba. Ragon da na zo da shi, wanda bai kai rabin wancan ba, ya sa aka shigo da shi ta ƙofar baya aka ɗaure a turken da ya zama fanko.

Sai a ɗaki, ina riƙe da Hadizatu, mai ɗakina ta raɗa mini cewa shekara biyu Malam yana kiwon farin ragon nan da hannunsa don layyar bana, kuma ban da ita da Inna mahaifiyarta babu wanda ya san abin da ya faru.

Kwaciri, bayan sallar Magariba

Mun taso daga Zariya ƙarfe uku da rabi, mota ba ta ko yi tari ba. Na sauka a ƙofar gida, Alhaji ya wuce Sabon Gari yana ta ba ni haƙuri, ni ma ina ba shi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Alhaji Raufu, da direban Kura da ban tambayi sunansa ba, da Ishaya. Malam kuwa ya rufa mini asiri a gaban jama'arsa, na kuma san ba zai ji daɗin wannan rubutu ba. Ina roƙon ya yafe mini, na tona da kaina, don in Hadizatu ta girma ta san ko daga turken wa aka kwance ragon sunanta.