Kududdufin Bayan Ɗakin Iya

Shekarar da aka cike kududdufin bayan gidanmu a Ƙofar Na'isa ina gida ina zawarci, ɗaki ɗaya muke kwana da kakata, wadda kowa ke kira Iya. Ɗakin ƙasa ne mai azara. Nan aka kawo ta tana amarya, nan ta haifi Babanmu. An sha yi mata tayin na bulo da kwano, ta ce ita ba gurasa ba ce da za a gasa ta.

Kududdufin kuwa ba abin so ba ne: wari, sauro, leda, wani lokaci har mushen akuya. Da aka ce za a cike shi a yi shaguna, har ni na yi murna. Iya ce kawai ta ɓata rai. Ta ce da ƙasar ramin nan aka gina unguwar, kuma shi yake shanye ruwan lungunanmu. In marka ta yi nisa, ruwa ba kwata yake bi ba, tsohuwar hanyarsa yake nema, ita kuwa ta ƙarƙashin ɗakinta ta ratsa. Mata sun san da haka. Mu ne muke toshe rariya da tsumma, mu ga rijiya ta taso har ana ɗiba da ƙwarya, mu ga daɓe yana gumi. Maza sai ruwa ya ɗauke suke dawowa daga kasuwa.

Kafin a fara aikin aka turo masu bincike. Ba zan ɗauki alhakinsu ba, mutanen kirki ne. Sun ce sanin mutanen gari suka zo nema, a tara musu dattawan unguwa. Aka tara musu maza. Aka shimfiɗa tabarmi a soronmu, don shi ne na siminti. Baƙo namiji ba ya wuce soro, su kuma ba su zo da mace ba.

Iya ta kira Baba ta ba shi saƙo, ta maimaita masa har ya ce ya ji. Ni kuma na laɓe bayan ƙyaure. Shugaban baƙin ya tambayi yadda ruwa yake yi musu da damina. Liman ya ce ruwa rahama ne, ba a kai ƙararsa. Sauran suka ce ai ya yi gyara, suka gode wa Allah. Na zuba kunne ina jiran Baba. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce sai dai fa sauro. Daga baya ya ce mana ina shi ina cewa "in ji tsohuwata" a gaban liman da mai unguwa, da furfurarsa. Na ji haushinsa ranar, kuma har yau bai gama fita daga raina ba.

Tifa ta yi ta juye ƙasa, shaguna suka tashi. Da damina ta nutsa, wata la'asar ruwa ya fara tsattsafowa daga daɓen Iya. Da ƙyar muka fito da ita, tana riƙe da ƙofa tana cewa a ƙyale ta. Ba a jima ba bangon baya ya zauna, azara ta biyo shi, ta danne gadonta na ƙarfe da kwanukan jerenta. Soro kaɗai ya tsira a gidan, nan aka yi mata shimfiɗa.

Nan masu binciken suka same ta da suka dawo duba ɓarna. Shugabansu ya durƙusa ya yi jaje, ya tambaya ko ta san ta inda ruwan ya shigo. Ta zayyana masa hanyarsa lungu bayan lungu, da ɗan yatsa a kan tabarma. Idon mutumin ya kaɗa.

"Hajiya, me ya hana a gaya mana wannan tun farko?"

Baba na tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Iya ta dube shi, ta kawar da kai.

"Ɗan nan," ta ce wa baƙon, "wancan zuwan naku ina da ɗaki."