Kaset Goma Sha Biyu na Yamusa

Yamusa Bazazzage ne. Ya buɗe shagon hayar kaset a Karu shekarar da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, kuma bai taɓa sakin jiki da baƙin ma'aikatan ba.

Wata rana Rosemary, mai buga tafireta, ta nemi sabon fim ɗin matuƙiyar jirgin sararin samaniya, wanda aka ciro labarinsa daga wani tsohon shiri.

Yamusa ya ce, "Madam, sai kin fara kallon tsohon shirin, kaset goma sha biyu, kafin ki gane wannan."

Ta harare shi. "Oga, kayan da suka yi maka kwantai kake so ka tura mini."

Ta ɗauki sabon kawai. Da ta dawo da shi, ya tsare ta da tambayoyi. Ta amsa duka, har ta bayyana masa dalilin da ya hana matuƙiyar komawa duniyarsu, abin da shi bai taɓa lura ba.

Yamusa ya ce lallai wani ne ya ba ta labari a ofis. Har ya tsufa ya koma Zariya, bai canja ra'ayi ba.