Garin Kunun Inna Hadijatu

Inna Hadijatu ta Farin Dutse ba ta taɓa haihuwa ba, amma yaran da suka yi ƙwari da garin kununta ba su ƙirguwa. Gero take surfawa, ta soya gyaɗa da riɗi, ta ƙara waken suya da dabino, a kai inji. In aka yaye yaro ya fara ramewa, wurinta ake zuwa. Har ma'aikaciyar asibiti takan turo mata iyaye, ta ce gyaɗa da riɗi suna gina jiki.

Awon haɗin kuwa mutum ɗaya ta koya wa, Munawwara, 'yar ƙaninta da ta riƙa tun tana shekara huɗu. Munawwara ta yi aure a Birnin Kudu, ta buɗe shago.

Wata rana maƙwabciyarta Kubra ta dawo biki da wata roba mai ƙyalli.

"Inna, sana'ar 'yarki ce. Wai garin wolnot, wani ɗan itace na ƙasar waje mai gyara zuciya da ƙwaƙwalwa."

Inna ta lasa. Garinta ne, har ƙamshin riɗin. Ta yi murmushi, ta ce Allah ya sa albarka. Sai Kubra ta kunna mata tallar a waya. Ga Munawwara tana cewa, "Ku daina bai wa yaranku garin tsofaffin ƙauye. A hannun irinsu na tashi, na ga ƙazantar da ake yi."

Washegari Inna ta hau mota. Ta tarar da shagon cike da mata.

"Munawwara, nuna mini wolnot ɗin in gani."

"Inna, yi a hankali mana. Ana ɗan zubawa. In na ce gyaɗa ce wa zai saya?"

"Ba wannan ya kawo ni ba. Yaushe kika ga ƙazanta a turmina?"

Munawwara ta sunkuyar da kai. Wata mai saye ta tambayi ko wace ce wannan.

"Wata ce daga ƙauyenmu," in ji Munawwara.

Inna ta juya, ta koma tasha da ƙafa.

Har yanzu tana soya gyaɗarta, sai dai masu zuwa sun ragu, ƙananan mata na roba suke so. Da Sallah Munawwara ta aiko da turmin atamfa. Direban da ya kawo, shi ya mayar.